Zan sauya wa bindigar farautata bututu: wane harsashi zan zaɓa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Houston ta jihar Texas, kuma shekara shida ke nan ina fita farautar barewa da lasisina. Bindigata Remington 700 ce mai cin harsashin .30-06, ta hannu na saye ta. Da can in na harba uku a yadi 100 sai su taru wuri ɗaya kamar faɗin kwabo, yanzu kuwa ko tafin hannu ba ya rufe su. Ga shi tana shurin kafaɗa har na fara runtse ido kafin in ja kunama. Ina so in kai ta a sauya bututu. Wasu abokaina sun ce in koma 6.5 Creedmoor, wani kuma ya ce .300 Winchester Magnum, tunda ina da burin zuwa Colorado farautar elk, wata irin babbar barewa. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin ka biya ko sisi, ka tabbatar bututun ne ya mutu. An taɓa kawo min bindiga da irin wannan kukan, mai ita har ya riga ya zaɓi sabon bututu. Da na juya ta na sa sukudireba a kusoshin da ke riƙe ƙarfen da ƙota, sai na gaban ya juya da yatsa biyu kawai. Muka ɗaure, muka wanke jan ƙarfen da ya daskare a ciki, ta koma harbinta na da. Don haka ka sa maƙerin bindiga ya duba kusoshi, da mazaunin madubin saiti, da leɓen bakin bututu, sannan ya zura 'yar kyamarar nan ya kalli maƙogwaro, wato daidai inda ƙwayar harsashi ke fara kama tsagar cikin bututu. In ya ga wurin ya tsattsage kamar busasshen tabki a watan Maris, tsagar kuma ta shafe, to lallai ya ƙare.

In ya tabbata haka ne, bindigar da kanta ta riga ta rage maka zaɓi. Bututu kaɗai za a cire. Sakatar da ke tura harsashi, da gidan da take kai da komowa a ciki, da ma'ajiyar harsashi, duk suna nan yadda aka ƙera su saboda .30-06. Zare sakatar ka kalli fuskarta, za ka ga wani ɗan gurbi zagayayye inda gindin kwanso ke zama. An yanke shi ne don gindi mai faɗin inci 0.473, kusan milimita 12. Wannan awon tsohon gado ne daga harsasan Mauser na Jamus, kuma sojojin Amurka sun ɗauke shi a harsashin da suka karɓa a 1906, inda sunan .30-06 ya samo asali. Abu na biyu tsawo ne: taka doguwa ce, an yi ta don harsashi mai tsawon inci 3.34.

Duk harsashin da ya dace da waɗannan awo biyu zai shiga ba tare da an taɓa komai ba sai bututu. Akwai .25-06, akwai .270 Winchester, akwai .280 Remington, akwai .35 Whelen, ga kuma .30-06 ɗin kansa. 'Yan gida ɗaya ne, bambancinsu faɗin wuya.

Mu ɗauki shawarar abokanka. Harsashin 6.5 Creedmoor, wanda kamfanin Hornady ya fitar a 2007, ba ni da abin da zan kushe shi da shi. Shurinsa kaɗan ne, yana da saiti, barewar Texas kuma ba ta fi ƙarfinsa ba. Gindinsa ma daidai yake da sakatarka. Matsalar gajere ne, tsawonsa bai wuce inci 2.8 da ɗan abu ba, saboda an tsara shi ne don gajerun bindigogi irin masu cin .308. A taka ma'ajiyar zai bar ratar rabin inci, yana zamewa gaba da baya, wani lokaci ya ɗaga kai ya ƙi shiga ɗaki, wato gurbin da harsashi ke zama a gindin bututu, daidai lokacin da kake son harbi na biyu. Ana iya gyarawa, amma ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, kuma ka ɗauki nauyin doguwar bindiga ba ka amfana da tsawonta ba. In zuciyarka ta kwanta da shi, sabuwar bindiga mai araha da aka ƙera dominsa za ta iya zo maka daidai da kuɗin sauya bututu.

Shi kuwa .300 Winchester Magnum, ina roƙonka ka bar shi. Gindinsa inci 0.532 ne, sai an faɗaɗa fuskar sakata ko an sayo wata, a gyara abin da ke fizgo kwanso, a gyara bakin ma'ajiya. Wannan duk ba shi ya fi damuna ba. Kai da bakinka ka ce ka fara runtse ido da .30-06. Mutumin da ke tsoron shurin bindigarsa yana fizgar kunama, kuma fizgar nan ita ke kai harsashi cikin tumbin dabba maimakon huhu. Na taɓa bin sawun jini har dare ya yi mana, muka koma ba mu sami barewar ba, kuma har yau in na tuna ta sai raina ya ɓaci. Ƙara albarushi zai ƙara maka ciwon da ka zo da shi. Ga kuma cin bututu: in aka ƙona albarushi mai yawa ta ƙaramar kafa, maƙogwaro ya fi saurin ƙonewa.

Da ni ne, .270 Winchester zan sa. Tun 1925 yake kasuwa, kuma da wuya ka shiga shagon kayan farauta a ƙauyen Texas ka rasa kwalinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ranar da ka yi tafiyar awa biyar ka tarar ka bar harsashi a gida. Shi ya sa ban ce .280 Remington ba, duk da ina ƙaunarsa, don samunsa sai an nema. Ƙwayar .270 mai nauyin giren 130, wato giram 8.4, tana fita da gudun kusan ƙafa 3,060 a daƙiƙa, tana tafiya miƙe, kuma kafaɗarka za ta ji sauƙi in ka gwada da giren 180 na .30-06. Sauƙin ba zai kai na Creedmoor ba, don haka ka sa a liƙa maka roba mai laushi a gindin ƙota, ka kuma riƙa toshe kunne da kyau wajen gwaji, domin rabin runtse ido ƙara ce ke kawo shi.

Batun elk, dabba ce da namijinta ke kai girman gwanki ko ya fi. Dokar Colorado ta ce kada faɗin harsashi ya gaza inci 0.24, ƙwaya kuma kada ta gaza giren 85, to .270 ya wuce nan da nisa. Ka nemi ƙwaya mai giren 150 wadda aka ƙera don ta ratsa ba ta tarwatse ba, ka tsaya a tazarar da ka saba bugawa. Ka sake karanta dokar shekarar da za ka je, don ana sabunta ta.

Akwai abu ɗaya da mutane ke bar wa maƙeri alhali nasu ne su faɗa, wato murɗin tsagar cikin bututu. Ita ke juya ƙwaya kamar katantanwa don ta tafi da kai gaba, kuma doguwar ƙwaya ta fi son murɗi mai sauri. Kamfanin Remington kansa ya sha wannan darasi. A 1955 ya fitar da .244 da murɗi ɗaya a kowane inci 12, bai iya daidaita dogayen ƙwayoyi masu giren 100 da mafarauta ke so ba, kasuwa ta koma wa .243 Winchester. Sai a 1963 aka sake masa suna 6mm Remington da murɗi ɗaya a inci 9. A .270 abin da aka saba shi ne ɗaya a inci 10, kuma ya wadatar har giren 150. In kana tunanin ƙwayoyin zamani masu tsawo da nauyi fiye da haka, ka ce a ba ka ɗaya a inci 8.

Tsawon bututu inci 22 zuwa 24 ya isa, kaurinsa kuma ya zama irin na tsohon don ya kwanta a ƙotarka ba sai an sassaƙe ta ba. Aikin na maƙeri mai lasisi ne, wanda zai auna zaman kwanso a ɗaki da ma'aunansa biyu, ɗaya sakata ta rufe a kansa, ɗaya ta ƙi rufewa. Ka tabbatar ya buga sunan harsashin a jikin bututu, ragowar .30-06 da ke gidanka kuma ka ba wanda ke da irin bindigarsu, kada su gauraya da sababbi a jaka ɗaya.

Farautar barewa da bindiga a Texas farkon Nuwamba take buɗewa, maƙera kuma sukan riƙe aiki watanni. Ka kai ta tun bazara, don ka sami lokacin harba kwali uku ko huɗu a filin gwaji kafin ka shiga daji. Allah Ya ba da sa'a.