Bangaza a wasan hokin ƙanƙara: yaushe take zama laifi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a Kanada, kuma abokan zamana ba su da hira sai ta wasannin neman Kofin Stanley. Rannan aka bangaje wani ɗan wasa har aka fitar da shi ranga-ranga. Wasu suka ce bangazar ba ta da laifi, wasu suka ce alƙali ne ya kawar da kai. Shin dokar wannan lokaci daban take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. A rubuce dai dokar bangaza ta NHL, wato babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada, ɗaya ce tun daga farkon kaka har wasan ƙarshe. Bangaza halak ce idan da kafaɗa ko ƙugu aka yi ta, kuma a kan wanda fak yake hannunsa, wato 'yar baƙar robar nan da ake bugawa. Tana zama laifi idan an yi tsalle, ko an taho daga baya, ko an makara bayan mutum ya riga ya saki fak, ko kuma kansa aka fi samu. Wannan ta ƙarshe ita ce Doka ta 48, wadda aka kafa a 2010 bayan Matt Cooke ya illata Marc Savard.

Abin da ke canzawa shi ne zuciyar alƙali. A wasannin neman Kofin Stanley da ake yi a ƙarshen kaka, ƙungiyoyi 16 ne, zagaye huɗu, kowane zagaye sai an ci wasa huɗu cikin bakwai. Mutanen da suka kwana goma suna karo da juna dole gaba ta shiga tsakaninsu, shi kuma alƙali yana tsoron a ce usur ɗinsa ne ya fitar da ƙungiya.

Tsoron kuwa yana da dalili. Ƙaramin laifi minti 2 ne a benci, kuma da an zura wa ƙungiyarka ƙwallo ka dawo. Babban laifi minti 5 ne cur, ko ƙwallo nawa aka zura. A 2019, a wasa na bakwai, Vegas na gaban San Jose da ci 3 da nema, saura kusan minti goma. Cody Eakin na Vegas ya tokari Joe Pavelski na San Jose da sanda a ƙirji, Pavelski ya faɗi, kansa ya bugi ƙanƙara, jini ya malala. Alƙalai suka ba da minti 5. Kafin su cika San Jose ta zura huɗu, daga baya ta ci wasan 5 da 4 a ƙarin lokaci. Hukumar NHL ta ba Vegas haƙuri, kuma daga kakar da ta biyo aka fara duba bidiyo a kan manyan laifuka. A ganina jinin ne ya yanke hukuncin nan, domin tokarar ba ta cancanci fiye da minti 2 ba.

Amma ban yarda da masu cewa a bar maza su gwabza kawai ba. A wasa na shida na zagayen ƙarshe na 2003 Scott Stevens ya tari Paul Kariya bayan ya saki fak. Kariya ya kwanta a kan ƙanƙara ko motsi babu, ba a busa laifi ba, ya dawo ya ci ƙwallo, filin ya ɗauki sowa. Shekaru bayan haka Kariya ya ce bai tuna komai na wasan ba, kuma ciwon bugun ƙwaƙwalwa ne ya raba shi da wasa. Duk wanda ke yaba wannan bangaza ya kamata ya san wannan ɓangaren.

Shi ya sa hukunci ba ya ƙarewa a fili. A 2012 Raffi Torres ya bangaje Marian Hossa ba a busa ba, amma Sashen Kare Lafiyar 'Yan Wasa ya dakatar da shi wasanni 25, aka rage zuwa 21.

Idan gardamar ta sake tashi, ka ce a maido da bidiyon a hankali. Ku duba ko takalman mai bangazar sun bar ƙanƙara, da inda kafaɗarsa ta fara sauka, da kuma ko fak ya riga ya tafi.