Karen Maƙwabci Ya Yagi Tunkiyata, Yarana Sun Karya Masa Ƙafa: Wa Zai Biya Wa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba. Ni matar aure ce a Zariya, ina ɗan kiwon tumaki a cikin gida, da shi nake rufa wa kaina asiri wajen zubin adashi da kuɗin makarantar yara. Maƙwabcinmu na jikin katanga ma'aikaci ne, mun daɗe tare ba a taɓa jin kanmu ba. Bara ɓarayi suka haura masa gida, shi ne ya kawo wani ƙaton kare irin na Turawa. Da rana a ɗaure yake, da dare a sake shi cikin gida.

Mako uku ke nan, da asuba mai gadinsa ya buɗe get zai tafi masallaci, karen ya fice. Maigidana ma ya fita sallah, ya janyo ƙofa bai rufe ba. Karen ya shigo ya kama babbar tunkiyata Balama a turke, ga ta da ciki wata huɗu, ya yage mata cinya. Yarana maza biyu, mai shekara 17 da mai 15, suka fito, babban ya maka masa taɓarya, ya sake ta ya gudu. Ba zan ɓoye maka ba Baba, ba su tsaya nan ba. Sun bi shi har lungu, suka rutsa shi, suka yi ta jibgarsa da faskare har ƙafarsa ta baya ta karye.

Na kashe naira 42,000 wajen malamin dabbobi, bayan kwana huɗu kuma ta ɓarar da 'ya'ya biyu. Shi kuwa maƙwabcin ya aiko mai gadinsa da rasit na naira 70,000: hoton ƙashi, ɗori, allurai, har da rigakafin haukan kare da maganin tsutsar ciki. Wai mu biya. Maigidana ya ce ko sisi, kare najasa ne ba a biyan kuɗinsa, kuma ai shi ya fara. Da damina ma karen ya taɓa kashe mini kaji biyu, na gaya wa matar maƙwabcin, ta ba ni haƙuri magana ta wuce. Yanzu ko gaisuwa ba ma yi, alhali a da in zan yi tafiya ita nake bar wa makullina. Baba, wa ke bin wani bashi?

Wata mai karatu, daga Zariya

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah Ya mayar miki da alherin abin da kika rasa, Ya kuma yi miki albarka da ba ki ɓoye zancen lungu ba. Yawancin wasiƙun da ke zuwa mini a kan taɓarya suke tsayawa.

Ki duba rasit ɗin nan da kyau kafin a zo maganar kuɗi. Kin ce akwai rigakafin haukan kare a ciki. A ƙa'ida ana yi wa ɗan kwikwiyo wannan allura tun yana wata uku, a riƙa sabunta ta duk shekara, likita yana rubutawa a kati. In sai ranar da ƙafarsa ta karye aka yi masa, to akwai alamar ta baya ta ƙare ko ma ba a taɓa yi ba. Abin da zai kwantar miki da hankali shi ne karen yana nan da ransa. Karen da ke ɗauke da cutar a yawunsa lokacin da ya yi cizo ba ya wuce kwana 10 bai nuna ciwo ko ya mutu ba, ke kuwa kin ce mako uku. Da yaranki sun ƙarasa shi a lungun nan, da yanzu ana maganar yanke kansa a kai ɗakin gwaji, irin na cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, ke kuma kina zaman zullumi kan tunkiya da duk wanda ya taɓa raunin. Duk da haka a nemi ganin katin, kuma ki titsiye yaran ki tambaye su ko akwai wanda haƙori ko farce ya taɓa. Samari sukan ɓoye irin wannan.

To, ga yadda nake ganin lissafin. Basussuka biyu ne a nan, kowane da mai shi. Abin da ya ɓata zamanku shi ne kowane gida ya riƙe nasa rasit yana ganin ya shafe na ɗaya gidan.

Na tunkiya yana wuyan maƙwabcinku, wannan ba ja. Tana ɗaure a turkenta, cikin gidan mai ita, kare ya bar inda aka ajiye shi ya zo ya same ta. Watakila wani ya kawo muku hadisin da ke cewa ɓarnar dabba faɗuwa take ba ramuwa. Hadisin ingantacce ne, amma malamai sun ɗauke shi a kan dabbar da mai ita bai yi sakaci ba. Game da kare mai cizo, malaman Malikiyya sun ce in an riga an yi wa mai shi magana bai ɗauki mataki ba, duk ɓarnar da ya yi bayan nan shi zai biya. Kajinki biyu na damina su ne gargaɗin. Na san za a ce ai matarsa kika gaya wa, ba shi ba. Gaskiya ne da maigidanki ne ya same shi a gaban mutum biyu da maganar ta fi ƙarfi, kuma wannan darasi ne ga duk mai karanta mu: in dabbar maƙwabci ta yi maka ɓarna ka yafe, to ka yafe, amma ka tabbata shi kansa ya ji. Sai dai ko kotun zamani ba ta raina faɗa wa matar gida ba. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965, kare ya taɓa cizon 'yar aikin gida aka gaya wa matar mai shi, da ya sake cizon wani sai kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta sa ya biya. Mai gadin da ya buɗe get kuwa ɗan aikinsa ne, ba za a ce ki je ki bi mai gadi bashi ba.

Abin da zai biya ba naira 42,000 kaɗai ba ne. A fiƙihu abin da ake fara dubawa shi ne nawa ƙimar dabba ta ragu. Balama mai ciki wata huɗu, saura wata guda ta haihu, da Balama mai tabo a cinya da ta yi ɓari, ba kuɗinsu ɗaya ba a kara. A samo dillalai biyu da ba ruwansu da ku su yi mata kuɗi kafin da bayan. Kada ki yi lissafin raguna biyu da za su girma a sayar da Babbar Sallah, wannan cinikin kifi ne a ruwa, ba wanda zai yanke miki shi.

Yanzu ki ba maigidanki wannan shafin ya karanta, don nan ne ba zai ji daɗi ba. Malam, maganar najasa ba ta tsaya ba. A mazhabar Malik da muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har kare, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki kuwa ibada ce aka umarce mu. Kuma Risalar da muka karanta a zaure ta faɗa a babin ciniki cewa an hana sayar da kare, an yi saɓani kan wanda aka yi izinin riƙewa, amma wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa. Za ka ce ai izinin na karen noma ne da kiwo da farauta, ba na gadin gida a cikin gari ba, kuma haka littafin ya ce. To masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro, kare ya ajiye. Da aka yi masa magana sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Mutumin da ɓarayi suka haura wa gida bara ba za a ce don wasa ya kawo kare ba.

Dukan taɓarya halal ne. Dabba ta kama dukiyarka, kana da ikon tunkuɗe ta da abin da zai raba su, da a nan ƙafar ta karye ba mai bin ku kobo. Amma kare ya saki, ya fita gidan, ya gudu. Abin da ya faru a lungu huce haushi ne, kuma dabbar ba ta san laifin da ake dukanta a kai ba. Dokar hukunta laifuffuka ta Penal Code ma ta sa azabtar da dabba da nakasa dabbar wani cikin laifuffuka, saboda haka in har kuka kai maganar gaban 'yan sanda, ku sani yaron nan mai shekara 17 shi ma za a tambaye shi. Laifi tudu ne, Malam.

Wannan ba ya nufin ku ƙirga masa 70,000 ku miƙa. A bi rasit layi-layi. Hoton ƙashi da ɗori da allurar da ta shafi karaya, naku ne. Rigakafin haukan kare da maganin tsutsa hidimar mai kare ce ko an karya ƙafa ko ba a karya ba, a cire su. Abin da ya rage, da ni ne a zaman sulhun, zan roƙi maƙwabcin ya ɗauke rabi, don sakacin gidansa ne ya buɗe ƙofar fitinar, kuma yara ne suka ga jinin dabbar uwarsu da asuba. Wannan roƙo ne, ba hukunci ba. In ya ƙi, hakkinsa ne. Ko da ya ƙi ɗin, in aka haɗa kuɗin magani da faɗuwar ƙimar tunkiya aka ɗora a kan nasa, zai yi wuya a tashi ke ce ake bi. Mai yiwuwa shi ya sa ya riga ku aiko da takarda.

Aiko mai gadi da rasit ɗin nan shi ya fi ba ni haushi a duk labarin. Mutumin da kuke jin tarin juna ta katanga, ƙafarsa ya kamata ta kawo shi ranar da abin ya faru, ya leƙa tunkiyar ya ce sannu, kafin ya tuna da karensa. Ku kada ku rama da irinta. Ba aiken yaro, ba saƙon waya, ba habaici ta kan katanga. Maigidanki ya samu limamin masallacinku ko mai unguwa, a zauna bayan sallar isha'i, mazan biyu da dattijo ɗaya ko biyu. Ya fara da nasa, ya ce yarana sun wuce gona da iri, na zo ba da haƙuri. Wanda ya fara faɗin laifinsa a irin wannan zama shi yakan tashi da rinjaye, don ya bar ɗayan ba abin da zai ce sai nasa. A kawo rasit biyu da kuɗin da dillalai suka yi, a cire ƙarami daga babba, a rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Kotu tana nan in an gagara, amma kuɗin mota da na lauya da ranakun da za a ɓata za su haura abin da ake rigima a kai.

Kada a tashi ba a yi maganar gobe ba. Kare a koma da shi sarƙa ko keji kafin a buɗe get da asuba, ba bayan an buɗe ba. Katin rigakafi a nuna wa dattawan. Ku ma a riƙa sa sakata. In kuma tumakinki sukan fita su yi wa mutane ɓarna a shuka ko shanya, shirya jin wannan a zaman, don za a tono shi.

Ke da matarsa kuwa, ba ku kuka buɗe get ba, ba ku kuka ɗauki faskare ba. Addini bai yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, ku kun yi mako uku. Gobe da safe ki yi mata sallama, ba sai an gama lissafi ba. Tunkiyar kuma a riƙa duba raunin kullum saboda ƙuda. Cizon kare ƙaramin huji ne a sama, ɓarnar tana ciki, in kika ji wari ko kika ga tsutsa ko ta daina cin dusa, a kira malamin dabbobi a ranar, a karɓi rasit a ƙara a kan na farko.

TAMBAYA

Baba, jiya karen maƙwabcinmu ya ciji ɗana mai shekara shida a ƙwauri. Raunin ba shi da girma. Mai karen ya ce an yi masa allura, ya ba mu man shafawa, ya ce in mun je asibiti shi ba zai biya ba. In jira in ga yadda karen zai yi?

Wani mai karatu, daga Funtuwa

AMSA

Kada ka jira, ɗana. Ka ajiye mujallar nan ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na tsawon minti 15, sannan ka kai shi asibiti yau a fara masa allurar rigakafin haukan kare, a duba ta tetanus. Kwana 10 da na ambata a sama na sa ido ne a kan karen, ba na jinkirta allurar yaro ba. In karen ya cika kwanakin lafiya lau, likita ne zai ce a tsaya ko a ƙarasa. Cutar takan kwanta a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci har shekara, ba alamar komai, in ta bayyana kuwa kusan ba a tashi. Ƙanƙantar rauni ba hujja ba ce, kuma "an yi masa allura" magana ce, kati za a nuna maka mai kwanan wata da sa hannun likita. A ɗaure karen, kada a kashe shi, kada a bari a sayar ko a ɓatar da shi. Kuɗin allura ka nemo ko rance ne ka biya, ka adana kowane rasit. Bayan an yi ta farko ka samu mai unguwa ku je wa mai karen tare, hidimar a wuyansa take.