Ɗan Takara Ya Yi Mana Alkawarin Manhaja: Ta Yaya Zan Gane Na Gaske?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni lauya ce, shekarata uku da fara aiki. Wani babban lauya yana neman muƙami a Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya, wato NBA, kuma kamfen ɗinsa duk a kan fasaha ya ta'allaƙa: manhaja ga mambobi, laburare ta intanet, shigar da ƙara daga ofis, har da ƙirƙirarriyar basira. Ta yaya zan gane ko abin zai yiwu, ko romon baka ne?

Amsa: Barista, fara da ware abin da ke hannun ƙungiya daga abin da ba ya hannunta. Shigar da ƙara ta intanet da zaman kotu ta bidiyo hurumin kotu ne. Shugabannin kotuna ne ke fitar da ƙa'idojinsu. Iyakar ƙungiya ta matsa lamba, ta horar da mambobi. Wanda ya ce da kansa zai kawo wannan, ya yi miki kyauta da kayan da ba nasa ba.

Laburaren kuwa ita ce na fi so ki tsaya a kai, domin a nan ƙaramin lauya yake jin jiki. Babban ofis yana da kundayen rahotannin shari'u jere a kanta, yana kuma biyan kuɗin shiga rumbunan hukunce-hukunce na intanet. Ke mai shekara uku, wataƙila aro kike yi, ko ki kwana kina neman hukunci guda na Kotun Ƙoli. Idan ƙungiya ta haɗa mambobinta ta yi ciniki sau ɗaya da masu waɗannan rumbuna, kuɗin yakan sauko, kuma wannan abu ne da take da ikon yi. Sai dai ki tambaye shi: daga wace jaka za a biya? Daga kuɗin izinin aikin lauya da muke biya kafin 31 ga Maris na kowace shekara, ko sabon haraji zai ɗora? Kuma wa'adin shugabannin NBA na ƙasa shekara 2 ne kacal. Manhaja tana cin kuɗi kullum kamar mota. In ya sauka, wa zai riƙe ta? Da sunan ƙungiya za a yi rajistarta, ko da sunan kamfanin abokinsa? Na fi yarda da mai ce mini zai gyara shafin biyan kuɗi da neman hatimin lauya da muke da shi, a kan mai son gina sabo don sunansa ya fito.

Batun ƙirƙirarriyar basira yana buƙatar taka-tsantsan. A 2023 wata kotun tarayya a Niyok ta Amurka ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'un ƙarya da manhajar ƙirƙirarriyar basira ta ChatGPT ta ƙago. Ɗan takarar da bai yi maganar horo da tantance hujja ba, bai san zurfin ruwan da yake kira a shiga ba. Ga kuma sirrin waɗanda muke karewa: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan duk mai tara bayanan mutane, har da ƙungiyarmu.

Sannan ki duba abin da ya riga ya faru. Tun 2016 NBA take zaɓen shugabanninta ta intanet, shekarar da A.B. Mahmoud ya zama shugaban ƙungiyar. Hakan ya ba lauya irinki ƙuri'a, maimakon wakilai kaɗan su yanke wa kowa. Amma zaɓukan 2018 da 2020 sun bar ƙorafe-ƙorafe kan rajistar masu zaɓe da sahihancin sakamako. Saboda haka ranar da ya zo reshenku neman ƙuri'a, ki miƙe ki tambaye shi ko ya amince masu bincike daga waje su duba na'urar zaɓe, a kuma buga rahotonsu kowane mamba ya karanta.