Adirenalin ba ya son ido ɗaya

Ɗiyata, na karanta saƙonki na yi murmushi, can kuma gabana ya faɗi. Wai don me sai nas biyu sun tsaya a kan sirinji ɗaya in za a ɗaura wa majinyaci adirenalin, maganin da ke ƙarfafa bugun zuciya ya ɗaga matsin jini, ta jijiya, alhali na'ura na yin lissafi?

Sistar da ta koya mana aiki, Allah ya jiƙanta, takan ɗaga kwalaben adirenalin biyu, mai haɗin 1:1000 da mai haɗin 1:10,000, ta ce, "Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, amma na farkon ya ninka na biyun ƙarfi sau 10." Ba ta barin ka fasa kwalba sai ka karanta da ƙarfi wani na ji. In ruwan ya yi ja-ja ko ƙasa-ƙasa, a zubar, babu gardama.

Akwai daren da ba na mantawa. Yaro ne mai kilo 10, matsin jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Muka haɗa miligiram 3 a cikin mililita 50, yadda mililita 1 a awa zai ba shi maikirogiram 0.1 a kowane kilo a minti. Lissafi ya fita daidai, yaro ya fara farfaɗowa. Abin da ban yi ba shi ne manna sunan maganin a jikin robar da ke kai shi jijiya. Wajen asuba abokiyar aikina ta zo ba shi wani magani, ta tura ruwan wanki ta wannan layin. Duk adirenalin ɗin da ke kwance a roba ya shige lokaci guda. Bugun zuciyarsa ya haura 200, 'yan yatsunsa suka yi sanyi ƙalau, uwar tana tsaye tana kallon fuskokinmu. Allah ya taimake mu, maganin ba ya daɗewa, cikin minti 2 zuwa 3 rabinsa ya bar jini. Sista ba ta yi mini faɗa ba, sai ta ce, "Sauri ya haifi nawa." Har yau wannan maganar na ci mini rai.

Ku kam yanzu na ga ido na kan na'ura, wani lokacin ma kan waya, ba a ɗaga zane a duba hannu. In babu babban layi, wato robar da ake sakawa a babbar jijiya, aka bi ta ƙaramar jijiya, kina duba wurin allurar kuwa? Yana zubewa ƙarƙashin fata wurin zai yi fari, nama ya mutu. Sirinji kuma kada ki yarda ya ƙare kafin a gama haɗa na biyu, babba ne ko yaro, jini zai faɗi nan take.

Ki gaida mahaifiyarki. In kin zo hutu ki taho da littafin lissafinki in gani.