Tsiron da ke ba tururuwa masauki

Tambaya: Malam, na ji an ce akwai tsiron da ke rayuwa a kan bishiya, tururuwa kuma na zaune a cikinsa. Shin irin kaucin nan ne da muke gani a kan ɗorawa? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Akwai shi, amma ba kauci ba ne, domin kauci yana zuƙe ruwan bishiyar da ya hau, shi kuwa wannan tsiro, wanda masana ke kira Myrmecodia, wurin zama kawai yake nema a reshe. Dangin itacen kofi ne, ana kuma samunsa a dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya, da tsibirin Sabuwar Gini, da arewacin Ostareliya. Gindinsa yakan kumbura kamar tulu, kuma shi da kansa yake buɗe ramuka a ciki tun kafin tururuwa ta iso. A ramuka masu santsi take renon ƙwayayenta, a masu kaushi kuma take zubar da kashi da gawarwakin ƙwari, tsiron ya tsotsi takin, tunda ba shi da ƙasar da zai samo shi. Abin da ya fi burge ni shi ne wani ɗan uwansa a tsibiran Fiji na tekun Pasifik, Squamellaria, wanda tururuwa ce take ɗaukar irinsa ta cusa a tsagar ɓawon bishiya, sannan ta zuba masa taki.