Tambayi Malam: Sun iya ranar Asabar, Laraba sun manta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da Larabci a aji huɗu na wata Islamiyya, yara 46. Duk Asabar nakan rubuta musu sababbin kalmomi 20 a allo, mu yi ta maimaitawa da ƙarfi har kowa ya iya. Amma ranar Laraba in na tambaya, da ƙyar mai ƙoƙarin cikinsu yake kawo shida. Laifina ne ko na yaran? Daga wata malama a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan hidima. Ki kwantar da hankalinki, yaranki lafiyarsu ƙalau. Haka Allah ya yi ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kansa kan wannan: ya haddace gaɓoɓi marasa ma'ana, ya riƙa auna abin da ya saura. Ya tarar mafi yawan mantuwa a sa'o'in farko da ranar farko take aukuwa, daga nan sai ta lafa. Ke nan kalmominki na Asabar tun kafin Lahadi suka fara zubewa.

Ni ma na shekara da shekaru ina wannan maimaici na taron murya. Aji ya ɗauka baki ɗaya, sai ka ji daɗi, alhali rabin yaran bakin na kusa da su kawai suke bi, idonsu kuma yana kan allo. Abin da ya sauya mini tunani tsangayar unguwarmu ce. Can almajiri ba ya wanke allonsa sai ya biya wa malam, kuma duk nisan da ya yi ba a barinsa ya daina tishin na baya. Masana a Amurka sun tabbatar da hikimar nan. A 2008 Jeffrey Karpicke da Henry Roediger sun koya wa ɗaliban jami'a kalmomin Suwahili 40. Bayan mako guda, waɗanda aka yi ta tambayarsu suna lalubo amsa da ka sun tuna kusan kashi 80 cikin 100. Waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun faɗe ta daidai sau ɗaya, kusan kashi ɗaya cikin uku suka riƙe.

To ga abin da nake so ki yi. Ki rage kalmomin zuwa takwas ko goma. Kowane yaro ya yanka kwali ƙanana, na sabulu ko na shayi duk ya yi, gaba Larabci, baya Hausa. Ya samo gwangwanin madara uku. Sabuwar kalma tana shiga gwangwani na farko, wanda ake dubawa kullum. Ya kalli gefen Hausa, ya faɗi Larabcin kafin ya juya. In ya dace, katin ya wuce na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku, daga nan na uku, sau ɗaya a mako. In ya kuskure, ko daga ina ne, katin ya koma na farko. Sebastian Leitner ne ya yaɗa wannan dabara a Jamus a 1972, kuma ba ta cin ko kwabo. Da yara 46 ba za ki iya bin kowa ba, sai ki haɗa su biyu-biyu, minti biyar na farkon darasi su tambayi juna.

Sai maganar ƙugiya, wadda ita na fi so. Kalmar da ba ta da abin maƙalewa ita ce ke faɗuwa. Akwai wata yarinya a ajina da "samak" ta gagare ta mako biyu. Na ce ta rufe ido ta hango tarwaɗa tana shawagi a sama, saman rufin gidansu. Ta yi dariya har da riƙe ciki, amma daga ranar samak kifi ne a wurinta. "Ƙamar" kuwa wani yaro ne da kansa ya ce, "Malam, ƙamar, kamar wata!" Wadda yaro ya ƙirƙiro ta fi taki zama, don haka ki ba su misali biyu, ki bar musu sauran. Ki kula dai, ƙugiya tana riƙe ma'ana ne, ba ta gyara lafazi. Sai kin tsaya a kan bambancin "ƙalb" zuciya da "kalb" kare, kunne da baki.

Kuma ke kina da gatan da malamin Turanci zai yi kwaɗayi, domin Hausa cike take da Larabci. Ki nuna musu alƙalami daga "ƙalam" yake, labari daga "khabar", aljihu daga "jaib", almakashi daga "miƙass", allura daga "ibra". Yaro in ya gane cewa abin da mamarsa ke ɗinki da shi tun can sunansa Larabci ne, fuskarsa kan washe.

Ranar Laraba kada ki ce su jero kalmomin. Ki ɗaga almakashi ko makulli su faɗi sunansa, sannan kowa ya sa kalma ɗaya a jimla game da gidansu. Ki cakuɗa da uku daga na makon jiya, da biyu daga na watan da ya wuce. Ki gwada mako huɗu, Malama, ki sake rubuto mini nawa suka kawo.