A fara buɗar kai, sannan a tafi Zanzibar

Ɗana,

Saƙonka ya same ni bayan la'asar, na karanta shi har sau biyu. Ka ce kana so washegarin ɗaurin aure ku hau jirgin ƙasa a Rigasa zuwa Abuja, daga can ku tashi zuwa tsibirin Zanzibar kai da amaryarka, kuma kana tambaya ko al'adarmu ta hana, don da ka faɗa wa mahaifiyarka shiru ta yi. Wannan shirun magana ce, kunyar ɗan fari ce ta hana ta furtawa. Ni gwaggonka ce, babu wannan kunyar tsakaninmu, don haka zan faɗa maka.

Ba wanda ya hana miji fita da matarsa ganin duniya. Ranar da ka zaɓa ce ba ta yi ba. Washegarin kai amarya ranar buɗar kai ce. Dangin yarinyar nan za su rako ta gidanku na Tudun Wada, kanta lulluɓe, a zaunar da ita kan tabarma gaban mahaifiyarka. Wata tsohuwa daga cikinsu za ta kama hannunta ta damƙa, ta ce ga amana, in ta yi kuskure a tsawata mata kamar 'yar cikin gida. Mu kuma mu karɓa, mu ba da abin buɗar kai, a ɗaga mayafi a ga fuska. Da wannan zaman ne yarinya take samun uwa a gidan miji. In ka ɗauke ta kafin a yi shi, ranar da saɓani ya taso, kuma aure ba ya rasa saɓani, wa za ta tunkara? Bayan haka ga gara. Iyayenta sun yi watanni suna tanadin shinkafa da mai, an soya alkaki da nakiya da dubulan, za a kawo a raba wa dangi har na Kawo da Unguwar Rimi. A kawo gara a tarar da ɗakin amarya a kulle? Wannan zai yi wa iyayenta ciwo, ko da ba su faɗa ba.

Ka ba mu mako biyu. Ku karɓi masu zuwa ganin ɗaki, ku zagaya gaida surukai da kakanni, sannan ku ɗauki jakunkunanku da albarkar kowa. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma zaɓin wurin, ka yi dabara. Na taka ƙasar nan sau ɗaya tare da marigayi mijina, kuma har yau ina jin ƙamshinta. Zanzibar ɓangaren Tanzaniya ce tun haɗewarsu da Tanganyika a 1964, manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma mafi yawan mutanenta Musulmi ne masu jin Suwahili. Kiran salla ba zai ɓace muku ba, abincin halal ma haka. Kanumfarin da muke jefawa a zoɓo da kunun gyaɗa, can na fara ganin bishiyarsa. An shanya shi kan tabarmi a bakin hanya, wani kore, wani ya yi ja, wani ya bushe ya koma baƙi irin wanda muke saye a kasuwar Barci. Wani manomi ya ɓare mini ɓawon itace da wuƙa ya ce in shinshina, ashe kirfa ce.

Tsohon birninsu lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, da ƙofofin katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla. Da magariba ku je Forodhani a bakin ruwa, inda ake gasa kifi ana matse rake. Akwai ƙaramin tsibirin Changuu mai manya-manyan kunkuru, da dajin Jozani mai jajayen birai. A gabashin tsibirin kuma teku kan janye da nisa, ta bar farin rairayi, sai ka ga mata cikin zannuwansu sun shiga suna noman ciyawar ruwa. Na daɗe tsaye ina kallonsu ina tasbihi. Kada ku dawo ba ku je inda kasuwar bayi take ba, wadda aka rufe a 1873, yanzu coci ne a wurin. Ku sauka ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ku gani da idonku. Ni da na fito kasa cin abinci na yi.

Ka ambaci ƙasar tsibiran Maldibs ma, ka ce ta fi ƙarfin aljihunka. Bar ta, kada ka fara aure da bashi. Sai dai ka sani, farin wurin nan, ɗan ƙoƙon dabbar teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan anini da kwabo, daga tekun waɗannan tsibirai aka riƙa kwaso shi, daga baya kuma daga gaɓar Zanzibar. Kalmar kuɗi ma jam'in wuri ce. Kakata tana da 'yan ƙwayoyi ɗinke a jikin wani tsohon faifai, ba ta taɓa ganin teku ba.

Abu ɗaya zan roƙe ka. A bakin ruwan za ku ga baƙi daga Turai da shigar da ba tamu ba. Kada wannan ya ruɗe ku. Matan garin da lulluɓinsu suke yawo, amaryarka ma ta riƙe nata, kuma kada ka matsa mata ta ɗauki hoton da za ta ji nauyin mahaifinta ya gani. Abin da ke tsakaninku ba na Facebook ba ne. Ku kauce wa watannin Maris zuwa Mayu, lokacin ruwan sama mai yawa ne. Ka nemi biza da katin rigakafin shawara tun da wuri.

Gobe bayan isha'i ka je ɗakin mahaifiyarka, ka zauna ƙasa, ka ce mata ka ɗaga tafiyar sai an gama hidima. Ka sanar da mahaifin yarinyar da bakinka, ba ta waya ba. In za ku dawo, tsarabar surukarka ce farko, sannan ta mahaifiyarka. Ni kanumfarin Pemba nake so, ko cikin tafin hannu ne.

Allah ya sanya alheri, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.

Gwaggonka